Ruwa a Huhun Baba

Gwaggo ta tallabo ƙeyar Baba da hannun hagu, ta lanƙwasa kansa baya har haɓarsa ta kalli rufin ɗaki, sannan ta tsiyaya masa ruwa da cokali kamar mai ban ruwan shuka.

"Haɗiye, Kafinta. Haɗiye mana."

Ina tsaye a bakin ƙofa, jakar makaranta a kafaɗata, ko takalmi ban cire ba. Na ga ruwan ya taru a gefen bakinsa na dama, gefen da ya saki. Rabi ya gangaro kan matashi, rabi ya wuce ciki. Na zuba wa zakaran wuyansa ido ina jira ya hau ya sauko, don shi ne alamar mutum ya haɗiye. Sai da aka jima ya motsa, shi ma da ƙyar. Da Baba ya ja numfashi sai na ji wata ƙara a maƙogwaronsa, gur-gur, irin ta buta in ana tsiyayar ruwan ƙarshe.

"Gwaggo, ki ɗan dakata," na ce. "A tashe shi zaune tukuna."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Likitan allo ta dawo. Sannu da aiki. Je ki cire takalmi, kin kwaso mana ƙasar titi."

Yayana ne ya laƙa mini wannan suna tun ranar da na fara koyar da kimiyya a sakandaren 'yan mata. Shi direban motar haya ne, kuma a ganinsa duk wanda bai taɓa riƙe allura ba, bai da bakin magana a kan ciwo. Gwaggo kuwa yayar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ita ce mai faɗa a ji a gidan, ko da daga nesa ne. Ranar da hawan jini ya kayar da Baba a shagonsa, tsakanin zarto da katako, ta ɗauro kayanta ta zo. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannu da ƙafa na dama sun shanye, magana ta ɗauke, sai ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gadonsa, ta karɓi cokali.

Muna zaune a saman bene ne. Ɗakin Baba taga ɗaya gare shi, mai ƙarfe, tana kallon bangon maƙwabta. Gado, kwandon magunguna, roba a ƙarƙashin gado, fanka mai juya iska ɗaya tun safe. Warin man zafi ya kama labule, ya kama har gashin kaina.

Abin da ke cin raina, ba wani ilimi mai zurfi ba ne. 'Yan ajina suna zana shi a jarrabawa su ci maki. A wuyan mutum hanya biyu ce, ta iska a gaba, ta abinci a baya, kuma zaurensu ɗaya. Duk lomar da ka haɗiye sai ta tsallake bakin hanyar iska. Abin da ke tsare ka wani ɗan murfi ne kamar ganye: zakaran wuya ya hau, murfin ya rufe, numfashi ya tsaya, loma ta wuce, duk cikin ƙiftawar ido. In ɗigo ya ɓata hanya, tari ya koro shi waje. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da wannan umarni ta jijiyoyi, ita kuwa ƙwaƙwalwar Baba jini ya daina kai wa wani sashe nata. Murfin ya zama maigadi mai gyangyaɗi. Tarin ma ya yi sanyi. Ruwa tsinkakke shi ya fi komai sauri, kafin a rufe ƙofa ya shige. Kai a lanƙwashe baya kuwa, ai wangale masa ƙofar aka yi. Daga nan sai huhu, kuma huhu ba tumbi ba ne. Abin da ya shiga ya zauna, sai ya ruɓe.

Ma'aikaciyar jinya ta faɗi wannan ranar sallama. A zaunar da shi, a sunkuyar da haɓarsa, a ba shi abu mai kauri, kaɗan-kaɗan. Sai dai yayana ta faɗa wa, a baranda, yana riƙe da waya a kunne yana rigima da wanda ya tare masa mota. Abin da ya iso gida shi ne, "An ce a riƙa ba shi abu mai laushi." To me ya fi ruwa laushi?

Da yamma na tarar suna murza masa hannun dama da man zafi, Gwaggo da matar Yaya, har fatar ta yi ja.

"Motsa hannun yana da kyau," na ce, "amma ku bar man nan, zai saɓule masa fata bai ji ba. Ciwon ba a hannu yake ba. A nan yake." Na nuna gefen kaina na hagu.

Matar Yaya ta rufe baki da mayafi. "Ikon Allah. Ciwo a dama, malama tana nuna hagu."

"Jijiyoyin gittawa suke yi a ƙeya. Hagu ke juya dama."

"Haka ake koya wa 'ya'yan mutane?" in ji Gwaggo. "Shi ya sa suke fitowa ba su san gabas ba."

Baba yana kallona. Idonsa na nan daram, duk abin da ake faɗa yana ji. Wannan ne ya fi ƙona mini rai: mutum yana kwance a cikin jikinsa kamar wanda aka kulle a ɗaki aka tafi da makulli, ana ta shawara a kansa, ba ya iya cewa uffan.

Ga kuma masu dubiya. Baba ya koyar da mutane da yawa aikin katako, yanzu duk magidanta ne masu shagunansu. Kullum suna hawa benen nan, ga maƙwabta, ga abokan ciniki. Gwaggo ta ajiye kofi da cokali a kan ɗan tebur, kuma duk wanda ya zo sai ta miƙa masa. "Ba shi da hannunka, ka samu lada." Kowa ya durƙusa, ya ɗaga haɓar Baba, ya zuba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sauka yana jin ya yi abin kirki. Ni kuwa ina jin kowane cokali a ƙirjina.

Na je wa Yaya. Na same shi a falo ya baje a tabarma, ya dawo daga aiki yana danna waya.

"Yaya, kwanta sosai. Ruwa zan ba ka."

"Yau kuma? Wace rana ce?"

"Kwanta dai. Ka ɗaga haɓa sama yadda ake yi wa Baba. In ka shanye kofin nan lafiya, ni zan wanke maka mota."

"Har da tayoyi?"

"Har da tayoyi."

Ya ajiye waya yana dariya, ya kira matarsa ta zama shaida. Na tallabo ƙeyarsa, na fara zubawa ba tsayawa, yadda Gwaggo take yi. Kurɓar farko ta wuce. Ta biyu ya ce zai yi magana, sai ya ƙware. Ya zabura zaune, yana tari kamar zai amayar da hanjinsa, ruwa ta hanci, hawaye ta ido, yana dukan ƙirji. Matarsa ta faɗi kan kujera don dariya.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Muguwa!"

Na jira har ya samu numfashi.

"Kai ka yi tari, Yaya. Ka tashi zaune da kanka. Baba da me zai yi?"

Dariyar ta tsaya. Ya share fuska da gefen riga, ya kalli ƙofar ɗakin Baba.

"To ki gaya wa Gwaggo mana."

"Na gaya mata har bakina ya gaji. Kai ne babba."

"Ni? In je in koya wa matar da ta yi wa ubana wanka yadda ake ba da ruwa?"

Amma ya tashi. Na bi bayansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, wannan ƙaton da ke zagin direbobin tirela a titi.

"Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Wai... da an ɗan ƙara masa matashi ko?"

"Matashi? Ai ba abin faɗa ba ne."

Ta cusa wani siririn matashi a ƙarƙashin wuyan Baba, kan ya ƙara lanƙwashewa baya. Yaya ya juyo ya kalle ni, wai ya yi nasa. Haka muke. In an ɗan taɓa abu, sai a ce an gyara, kowa ya koma ya zauna.

Washegari ba makaranta. Na jira Gwaggo ta shiga wanka, na jawo kujerar Baba mai hannuwa daga falo, na roƙi matar Yaya ta kama mini. Da ƙyar muka ɗaga shi. Mutum in rabinsa ya saki, nauyinsa ninkuwa yake yi. Da muka zaunar da shi sai ya zube gefen dama, kansa ya rataya, yawu ya fara dalala kan rigarsa. Ina ƙoƙarin tokare shi da matashi sai ga sallama. Ɗaya daga cikin tsofaffin yaran shagonsa ne, mai furfura a gemu. Ya ga maigidansa a haka, ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa.

Gwaggo ta shigo da zani a ƙirji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa baƙon ya ɗan jira a falo, ta rufe ƙofa, ta share wa Baba baki da gefen zaninta.

"Ke Auta, zo nan." Ta nuna mini Baba. "Mutumin nan, in ya shiga shago, ko tari ba a yi. Shi kike so yaransa su gani yana zubar da yawu kamar jariri? A kwance, kamar barci yake. Mutuncinsa a rufe. Ke ba ki san komai ba sai zane a allo."

Ba ƙarya ta yi ba. Na ga fuskar baƙon. Amma na ce, "Gwaggo, a rufe ƙofa lokacin cin abinci. Kowa ya jira a waje."

"A kori mutane daga ɗakin mara lafiya? A gidan wa aka taɓa yi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Huhunsa ne, Gwaggo! Ba a hango shi daga ko'ina!"

"Ni kike ɗaga wa murya?"

Aka mayar da Baba kwance.

Na ci gaba da zuwa makaranta don ba yadda zan yi. Ina tsaye gaban allo ina zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ina bayanin yadda jini ke zuwa huhu ya ɗebo iska ya kai wa kowace gaɓa, hankalina yana kan wancan kofi. Wata ɗaliba ta tambaye ni ko huhu yana iya cika da ruwa mutum yana kan gado. Na ce mata sosai ma, na juya na goge allon da ban gama zanawa ba.

Ranar da abin ya faru, tun daga matakala na ji numfashinsa. Gajere, da sauri, kamar wanda ya yi gudu. Na taɓa goshinsa, zafi rau. Leɓɓansa sun yi duhu. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk jan numfashi.

"Zazzaɓi ne," in ji Gwaggo. "Jikin ya bushe, ga shi ya ƙi shan ruwa tun safe. Taurin kai irin na uwarmu."

Baba ya datse haƙora. Ta kai cokali, ya kawar da kai iya yadda wuyansa zai iya. Ta bi shi da cokalin, tana lallashi, tana tura bakin cokalin tsakanin haƙoransa.

"Buɗe, ɗan ƙanena. Don Allah buɗe. So kake ka tafi ka bar ni?"

Akwai baƙi biyu a ɗakin, ga Yaya a tsaye. Na buɗe baki zan yi magana, amma Baba ya riga ni. Hannunsa na hagu, wanda ya yi shekara da shekaru yana danne katako, ya taso daga kan bargo ya kaɗe kofin. Kofin ya daki bango, ruwa ya fantsama a labule. Sannan ya ɗaga hannun, ya dafa maƙogwaronsa, ya kalli Gwaggo. Wani sauti ya fito daga bakinsa, ba kalma ba, amma duk wanda ke ɗakin ya gane.

Gwaggo ta dubi cokalin da ke hannunta, ta dube ni.

"Kin ji daɗi. Kin shiga tsakanina da ɗan'uwana."

"Yaya," na ce, "ɗauko makullin mota."

Wannan karon bai sosa ƙeya ba. Matakalar benen ba ta ɗaukar mutum a kwance, don haka a kujera aka sauko da shi, an ɗaure ƙirjinsa da zani, baƙin nan biyu suna riƙe da ƙafafun kujerar, Yaya yana riƙe da baya, ni ina tallabe da kai. Maƙwabta duk sun leƙo. Abin da Gwaggo take gudu, ya faru a gaban kowa.

A asibiti likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa a gaban fitila, ta nuna mana wani fari-fari a ƙasan huhun dama. Ta ce nan abu ya fi gangarawa, don bututun dama ya fi faɗi, ya fi miƙewa. Ta tambaye mu wa ke ba shi abinci, kuma a wane yanayi. Yaya ya kalli ƙasa. Aka sa wa Baba iska a hanci, aka ɗaura ruwan magani a jijiya. Kwanakin farko ba wanda ya ce mana zai tashi. Zuciyarsa tana gudu, fitsarinsa ya ragu har likita ta fara maganar ƙoda. Jiki haka yake, in gaɓa ɗaya ta faɗi sai ta jawo 'yan'uwanta. Daga baya zazzaɓin ya sauka, leɓɓansa suka dawo da launinsu. Likita ta ce ya tsallake wannan, amma huhun ba zai jure na biyu ba.

Da muka dawo gida, tabarmar Gwaggo ba ta ɗakin. Ta koma gidanta. Ta bar saƙo wurin matar Yaya: tunda an samu masu ilimi, ita ta yi nan.

Na ɗauka Yaya da matarsa za su koya. Na nuna musu yadda ake tokare kafaɗar dama da matashi, yadda ake sunkuyar da haɓa, yadda ake dama ayaba ko dankali ya yi kauri, yadda ake sa ɗan kaɗan a gefen hagu na baki, a jira zakaran wuya ya hau ya sauko, a sa shi ya ce "aa" a ji ko muryar a bushe take ko da ruwa. Matar Yaya ta ja da baya tana yarfe hannu.

"Wa? Ni? In ya sarƙe a hannuna a ce na kashe surukina? Ke da kika sani, ki yi."

Yaya ya ce shi hannunsa na sitiyari ne.

Ciyarwa ɗaya tana cin lokacin da ya fi darasi guda tsawo, kuma sau da yawa ake yi a yini, don cikinsa kaɗan yake ɗauka. Bayan an gama sai ya zauna a miƙe na wani lokaci kafin a kwantar da shi. Ga juya shi don kada fatar bayansa ta yi gyambo. Na nemi hutu a makaranta, aka ba ni. Na nemi ƙari, shugabar makaranta ta kira ni a waya ta ce ta ba wani malami ajina, in na samu sarari sai mu yi magana. Na ce na gode. Ina riƙe da kwano lokacin.

Masu dubiya ba su daina zuwa ba, kuma ba su daina zuwa da niyyar lada ba. Wannan ya zo da shayi a flas, wancan da lemon kwalba. In na shiga banɗaki na fito, sai in tarar wani ya durƙusa yana neman cokali. Don haka na daina fita in da baƙo. Na mayar da katifata ɗakin. An ce Auta ta zama 'yar sanda, an ce boko ya cire mini kunya. Na ji, ban musa ba.

Yau da hantsi na rufe ƙofa na zaunar da shi. Ya ci fiye da jiya. Na ce, "Baba, ce aa."

"Aa."

A bushe take, tas. Na sake ɗebowa. Ana ƙwanƙwasa ƙofa, muryar wani tsohon abokinsa ce, yana cewa ya zo da madara mai ɗumi, a buɗe kafin ta huce. Baba ya kalli ƙofar, ya kalle ni.

"Ya jira," na ce. "Sunkuyar da haɓa, Baba."